Koren Fenti a Wuyan Tsohuwar Jita

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina kaɗa jita, kuma a tsawon wannan zamani ban taɓa yarda an kira ni makaɗi ba. Ni malamin makaranta ne, ɗan malamai, haifaffen Yakasai. Jitar kuwa abokiyar zama ce da na samo tun ina kwalejin horon malamai, irin ta katako mai ciki da rami a tsakiya, wadda na yi imani muryarta ba ta ƙetare bangon turakata. Bayan la'asar nake ɗaukarta, in jingine ta kafin kiran magariba. Irin ta lantarki kuwa, wadda ake jona wa waya, ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. A ganina kayan hayaniya ce ta gidajen rawa na Sabon Gari, kuma na sha faɗin haka a gaban waɗanda suka fi ni saninta.

Wata ranar Talata na zauna kamar kullum, na ɗora yatsun hagu bisa tsirkiyoyi, na danna, suka ƙi dannuwa. Manuniya da na tsakiya suka tsaya a lanƙwashe kamar ba a jikina suke ba. Abin da ya fito daga jitar wani gurnani ne da ko ɗan koyo zai ji kunyarsa. Na daɗe ina jin tsami a gaɓɓai ina ɗora wa sanyi laifi, amma ranar na zauna ina duban hannuna kamar wanda ya tarar da baƙo a ɗakinsa. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallashinsa. Jitar katako kuwa ba ta san lallashi ba. Tsirkiyoyinta kaurara ne, sun yi nesa da wuyanta, sai an murƙushe su da ƙarfi suke magana. Wata biyar na yi ban taɓa ta ba, kuma in ban da maiɗakina ban gaya wa kowa dalili ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko dai in sami hanyar kaɗawa da wannan hannu yadda ya koma, ko kuwa in haƙura har ƙarshen kwanana.

Wanda ya gano ni shi ne taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wani Alhaji mai sayar da yadi. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawana nake ce masa, har yau da furfura ta gama da mu duka biyu. Ya zo muna shan shayi a zaure, ya lura hannuna na hagu bai fito daga cikin babbar riga ba.

Ya ce, "Malam, hannun nan da kake ɓoyewa, sata ya yi?"

Na ce, "Bawa ba ya binciken rigar ubangijinsa."

"To, ranka ya daɗe, a fito da shi bawa ya gani."

Na fito da shi. Ya juya shi gaba da baya, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Can ya ce, "Shi ya sa aka daina jin ƙirin-ƙirin ɗin nan naka bayan la'asar."

Na ce, "Ashe ana ji?"

"Duk lungun nan kai kaɗai ne ba ka san ana ji ba."

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba ya kawo mini wata. Ya ce yana da amini da ya rasu shekara biyu da suka wuce, mutumin unguwar Zaitawa, wanda ya yi kiɗa da wata ƙungiya a ƙuruciyarsa kafin ya koma sayar da kayan gini. Ya bar jita uku na lantarki, 'ya'yansa sun bar wa mahaifiyarsu su, ita kuma Hajiyar tana neman mutumin kirki da zai ɗauki guda ya riƙe ta da mutunci, kyauta, don kada su ƙare a hannun 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe.

Ya ce, "Ta lantarki ba ta son ƙarfi. Shafa ta kawai ake yi ta yi magana."

Na ce, "Ni? Da girmana?"

"To ɗauki girman naka ka kaɗa mu ji."

Kwana uku na yi ina jujjuya maganar, sannan na aika masa cewa za ni. Amma na gindaya masa sharaɗi guda, kada ya kuskura ya ambaci hannuna a gidan mutane. Ba zan shiga gidan marigayi a matsayin majinyaci mai neman agaji ba. Ya ce wannan wauta ce. Na sa shi ya rantse, ya rantse.

Hajiya dattijuwa ce mai fara'a, mai tsabta ƙwarai, irin wadda ko tabarmar da ta shimfiɗa mana a shigifa sai da ta sake goge ta da mayafinta. Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaci, taubashina ya shiga ya fito da akwatuna uku dogaye, da wani tsohon akwatin ƙara sauti mai fitilu a ciki, wanda sai sun yi ɗumi yake buɗe baki.

Aka buɗe na farko. Ja ce, tana sheƙi. Na ɗauka, nauyinta ya kusa fizge ta daga hannuna. Na yi abin da na saba yi wa kowace jita, abin da mai sayen ƙwarya ke yi: na ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa, na kara kunne. Ba ta amsa ba. Na juya ta ina neman rami, babu rami. Gungumen katako ne kawai, curi guda.

Na ce, "Subhanallahi! Wannan ai ba ta da ciki. Ina sautin yake zama?"

Taubashina ya ce, "A cikin waya, Malam. Ƙwanƙwasa dai, wataƙila masu gidan barci suke."

Hajiya ta rufe baki da mayafi. Na daure na gwada ta, na juya kafaɗa yadda ba za ta ga yatsuna ba. Ta fi tawa laushi, gaskiya, amma wuyanta kauri gare shi, hannuna bai zagaye shi ba. Ta biyun baƙa ce, ita ma haka, ga nauyi har ya fi na farkon. Na ajiye ta, zuciyata ta soma gaya mini na yi tattakin banza.

Ta ukun kuwa ko da aka buɗe akwatinta sai na kau da kai. Da can, ina jin, launin madara gare ta, amma ta koma kalar tsohon haƙori. Gefenta duk ya ɓamɓare, inda damtse ke gogawa katako ya fito fili, ga tabon ƙunar taba a kusa da kunnuwanta. Ƙarafunanta sun dushe. Na ce a mayar da ita.

Taubashina ya ce, "Riƙe ta dai. Tsoho ba ya raina tsohuwa."

Na karɓa don in rufe masa baki. Hannuna na sauka a wuyanta sai na ji wani abu daban. Fentin bayan wuyan ya daɗe da tafiya, katakon ya yi sumul kamar tsohuwar tasbaha, kuma a daidai inda babban yatsa ke zama akwai wani ɗan kwari da shekaru suka ci, wanda ido ba ya gani sai hannu. Babban yatsana ya faɗa ciki ya zauna. Da ya zauna, sai sauran yatsun, lanƙwasassun nan, suka sami kansu bisa tsirkiyoyi ba tare da na tilasta musu ba. Tsirkiyoyin sirara ne kamar zaren ɗinki, kuma ɗan ƙarfen da ke ɗauke da su, wanda ake ce wa jaki, an sauke shi ƙasa sosai, har sun kusa kwantawa a jikin wuya.

Allah ya sa akwai wuta ranar. Taubashina ya jona waya, fitilun suka yi ja, akwatin ya fara wani ƙugi a hankali. Na kai hannun dama na buga kamar yadda na saba bugun tawa.

Ƙarar da ta tashi ta sa tattabarun gidan suka watse. Ni kaina na zabura har hulata ta karkace. Abin da ya fi firgita ni kuwa ba ƙarfin ƙarar ba ne. Duk wani ɗan kuskure da jitar katako ta shekara arba'in tana rufa mini asiri a kansa, wannan ta fito da shi fili: jan yatsa bisa tsirkiya, tsirkiyar da na taɓa ban yi niyya ba, nauyin hannun da nake taƙama da shi. Na ji kaina kamar yadda nake, kuma ban ji daɗin abin da na ji ba.

Taubashina ya ce, "A hankali, Malam, ba sussukar gero aka kawo ka ba."

Na sassauta. Na taɓa tsirkiya guda da ƙyar, na danna da manuniyata mai ciwo, dannawar da ko ƙuda ba za ta kashe ba. Sauti ya fito tas, ya tsaya a cikin shigifar ya ƙi mutuwa. A tawa, sauti yana fitowa yake soma mutuwa. Wannan kuwa sai da na ƙosa da jiransa. Na bi shi da na biyu, da na uku, kafin in ankara na kaɗa wani ɗan sauti da na ƙirƙira tun ina saurayi, daga farkonsa har ƙarshe, kuma zafin da na ji bai wuce wanda ake jurewa ba. Na ɗaga kai na ce, "Hajiya, wannan nake so."

Ta zaro ido. "Wannan, Malam? Ga ja nan sabuwa fil, ko sau goma bai kaɗa ta ba."

"Wannan dai."

"Kada ka ji nauyina ka ɗauki mafi muni. Wallahi da zuciya ɗaya na ce ka zaɓa."

Nan ne wurin da ya kamata in fito da hannuna in ɗora bisa tabarma in ce, Hajiya, ga dalili. Taubashina ya dube ni, na ɗaure masa fuska. Abin da na ce shi ne, "Muryarta ce ta yi mini."

Ta dubi jitar. Sannan ta ce, "To, Malam, ka ba ni mako biyu. In ta shirya zan aiko."

Na ɗauka ban kwana take son yi da kayan mijinta, ko kuwa za ta sanar da 'ya'yanta. Na ga rashin ladabi ne in tambaya. Makon nan biyu na yi su ina murna kamar yaron da aka ɗinka wa kayan Sallah, har maiɗakina ta ce ta ga na ƙara cin tuwo.

Ranar da aka aiko muka koma tare da taubashina. Jitar tana jingine a shigifa, an lulluɓe ta da sabon zane. Hajiya da kanta ta yaye zanen, fuskarta cike da haske.

Kore ce. Kore shar, tana walƙiya kamar ƙofar sabon shago. Babu ɓamɓara, babu tabon taba, ƙarafunan an goge su har suna ɗaukar ido. Na yi salati a zuci.

Ta ce, "Ai ba zan miƙa wa mutum kamarka abu da dauɗarsa ba, a ce daga gidan nan ya fito. Akwai mai fentin mota a bayan layinmu, mutumin kirki, shi na ba. Na ce ya yi mata aikin da zai yi wa motar babban mutum. Sau uku ya fesa ta. Ya ce ma akwai wani rami a bayan wuyan, ya cike shi da abin da suke cike jikin mota. Wayoyin kuma ya ce sun tsufa sun kwanta, ya je kasuwa ya samo masu ƙwari, ya ɗaga su sama yadda ba za su ƙara gogar katako ba."

Kowace kalma tana sauka a kaina kamar guduma. Na miƙa hannu na kama wuyan. Santsi ne mai danƙo, mai sanyi, daga sama har ƙasa babu inda yatsa zai tsaya. Tsakanin tsirkiyoyi da wuya kuwa ana iya zura fensir.

Ta ce, "Ta yi, Malam?"

Taubashina ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Na ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri. Allah ya jiƙan maigidan, ya sa ya huta. An yi ɗawainiya." Na yi godiya doguwa, mai tsari, irin wadda aka san gidanmu da ita, kuma ban san yadda aka yi ta fito daga bakina ba.

Muna fita lungu taubashina ya jingina da katanga ya yi dariya har da hawaye. "Kore! Malam, in ka rataya ta ka fita titi, fasinjoji za su tsayar da kai." Da muka isa gida da ita da akwatin ƙara sautin da Hajiya ta haɗa mini da shi, na jona ta na gwada a gabansa, yatsuna suka danna, tsirkiyoyin ko motsi ba su yi ba, sai ya daina dariya. Ya ce, "Laifin wa ke nan? Ka sa na rantse. Kalma ɗaya da ta wadatar."

 Matar nan ta yi abin da kowace 'yar gidan mutunci za ta yi a cikin birnin nan. Mu ba ma ba babba abu a tsufansa. Ko tukunya aka ara, sai an darje ta ake mayarwa. Ni kaina da abin a hannuna yake, da haka zan yi wa wani.

Sauke jaki da canza tsirkiya ba su yi wuya ba. Taubashina ya samo sirara a Sabon Gari, muka kwance kusoshin da sukurudireba muka sauke jakin. Ta yi sauƙi, amma babban yatsana yana ta zamewa a kan fentin, in ya zame sauran sukan bi shi, in sun bi shi zafin yakan harba har gwiwar hannu. Ko minti biyu ba na yi.

Sai na nemi ɓarin kwalba, na naɗe gefe guda da tsumma, na fara kankare bayan wuyan kamar yadda na ga masassaƙa suna yi wa akushi. Da hantsi nake yi, lokacin da yatsu suka ɗan saki, kaɗan-kaɗan, domin hannun da ke riƙe jitar shi ne mai ciwon. Kore ya tafi, na tarar da wani toka-toka a ƙarƙashinsa. Shi ma ya tafi. Kusan wata guda na yi kafin in kai ga katako, kuma nan na sake yin salati. Mutumin bai tsaya a cikewa ba. Kafin ya fesa, sai da ya bi wuyan duka da sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, ya daidaita shi. Na tono abin da ya cusa a kwarin da bakin allura da ƙaramar wuƙa, na sami rabin zurfinsa kawai, gefunan an cinye su. Abin da hannun mutum ya yi shekara da shekaru yana ci, an shafe rabinsa a hantsi guda, da kyakkyawar niyya.

Bayan Babbar Sallah, Hajiya ta zo gai da maiɗakina, domin sun ƙulla zumunci tun daga wancan lokaci. Ina turaka na ji ta tana cewa, "Ina 'yar koren tamu? A fito mini da ita in gan ta." Na duba ko'ina babu hanyar tsira. Na ɗauko ta na fito rumfa, na riƙe ta yadda gabanta kawai za a gani. Ta karɓa da murna, ta juya ta.

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Ta dubi wuyan, kankararre, da ragowar kore a gefe-gefe kamar an yi masa ƙuna. Ta ce, "Innalillahi! Malam, wa ya yi wannan ɓarna?"

Na ce, "Ni ne."

"Kai? Aikin bai yi maka ba ke nan. Ka tsaya a gabana kana ta godiya, ashe..."  Ta ajiye jitar ta soma gyara mayafi za ta tashi.

Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, nuna mata mana. Har yaushe?"

Na zaro hannuna daga cikin riga na buɗe shi a gabanta iyakar yadda yake buɗuwa. Na gaya mata komai: watanni biyar, da kwarin, da sirantar tsirkiya, da jakin da aka sauke, da rantsuwar da na ɗora wa taubashina. Ban taɓa yin magana mai wuya haka ba, ko ranar da na fara tsayawa gaban aji.

Ta koma ta zauna. Ta daɗe tana kallon yatsuna. Sannan ta ce, a hankali, "A ƙarshe-ƙarshen nan ita kaɗai maigidan yake ɗauka. Maɓallin riga ma ni nake sa masa. Ban taɓa haɗa abin biyu ba. Na zaci don ta fi daɗewa a hannunsa ne." Ta share ido, sai kuma ta harare ni harara ta gaske. "Kai kuma, Malam, da ilminka da shekarunka! Ciwo abin kunya ne? Na ba mutum aiki, na yi ta zarya ina duba shi a rana, ina cewa a ƙara fesawa. Da ka buɗe baki ai a tsummanta zan miƙa maka ita."

Na ce, "Na yi kuskure, Hajiya."

Maiɗakina ta ce, "Maimaita, Malam. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin wannan kalma ba."

Hajiya ta yi dariya cikin hawaye ta ce, "To yanzu tana kaɗuwa ko mun kashe ta?"

Na ce rabi da rabi. Ta ce a jona ta ji rabin. Aka jawo akwatin zuwa rumfa, na zauna a gaban mata biyu, abin da ban taɓa yi ba, na kaɗa. Babban yatsan ya zame sau biyu, na mayar da shi. Na kai ƙarshe da ƙyar, gumi na bin wuyana. Hajiya ta ce ba ta san kiɗa ba, amma ta ji kuskure a wuri biyu.

Yanzu nakan yi kamar rubu'in sa'a kafin hannu ya ce ya isa. Ran da gaɓɓai suka tashi da fushi ko minti biyar ba na kaiwa. Akwai sautuka uku da ke bukatar miƙa ƙaramin yatsa can nesa, waɗannan na tabbata da kwarin yana nan yadda na same shi da sun samu, amma sun tafi, na daina nemansu. Sauran kuwa ina kaɗa su, a hankali, da hannu mai sauƙi da na koya a tsufa, kuma likita ya ce motsin ma yana yi wa yatsun amfani, muddin na san lokacin ajiyewa.